Kotun Matasa Masu Shaye-shaye a Amurka: Me Yaro da Iyayensa Suke Samu Idan Sun Sa Hannu?

A gundumomi da dama na ƙasar Amurka, idan 'yan sanda suka kama matashi ɗan shekara 15 ko 16 da tabar wiwi ko ƙwayoyi, ko kuma ya yi wata ƙaramar sata aka gano shaye-shaye ne ya kai shi, akan yi wa iyayensa wani tayi kafin shari'a ta yi nisa. Akan ce musu akwai kotu ta musamman wadda magani ta sa a gaba maimakon hukunci, kuma idan yaron ya bi tsarinta har ƙarshe za a janye ƙarar ko a sassauta masa. Wannan hidima ce da hukuma take yi wa iyali. Tana da sharuɗɗa, tana da alƙawarin da take ɗauka, tana kuma da tsada ko da ba a karɓi kuɗi a hannun kowa ba, don haka ya dace a auna ta kamar yadda ake auna kowace hidima, a ɗora abin da ta ce za ta yi a kan abin da take yi ɗin. A ganina hidima ce da mutanen kirki suke gudanarwa da kyakkyawar niyya, ta kuma fi ɗauri nesa ba kusa ba, amma yaran da ta dace da su ba su kai yawan waɗanda ake turawa cikinta ba.

Asalin tsarin na manya ne. A shekarar 1989 aka buɗe kotun farko irin wannan a Miami, lokacin da wani nau'in hodar iblis mai araha ya cika gidajen yari da mutanen da ake saki yau a sake kamo su gobe. Janet Reno, wadda daga baya ta zama Antoni Janar ta ƙasar, tana cikin waɗanda suka assasa ta. Da aka ga kwalliya tana biyan kuɗin sabulu a wajen manya, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kwaikwayi tsarin domin yara, har aka kai ga samun ɗaruruwan irin waɗannan kotuna a faɗin ƙasar.

Yadda abin yake tafiya shi ne, yaron da aka karɓa yakan shiga hannun wata tawaga: alƙali, mai gabatar da ƙara, lauyan yaron, jami'in sa ido, mai ba da magani da shawara, wani lokaci har da wakilin makaranta. Shirin yakan ɗauki kimanin shekara guda, yakan kuma zarce haka idan yaron ya yi ta tuntuɓe. An kasa shi mataki-mataki. A matakin farko yaro yakan gurfana gaban alƙali kowane mako ko bayan mako biyu, ya halarci zaman magani, ya ba da fitsari a gwada, ya kasance cikin gida kafin lokacin da aka yanka masa da dare, ya kuma kawo shaidar zuwa makaranta. Idan ya tsare waɗannan, sai a sassauta masa a mataki na gaba.

Ranar zama ita ce zuciyar hidimar, kuma a nan ne ake ganin abin da ya sa masu aikin suke ƙaunarta. Kafin a shigo da yara, tawagar takan keɓe ta bi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a ji wanda gwajinsa ya fito da tsabta, da wanda ya yi fashin makaranta ranar Talata, da wanda mahaifinsa ya rasa aiki a makon. Daga nan sai a buɗe zaure, yara su zauna tare da iyayensu, a riƙa kiran su gaba. Alƙali yakan yi magana da yaron kai tsaye, ba ta bakin lauya ba. Yakan tambaye shi yadda jarrabawar lissafin da ya ambata a makon jiya ta kasance, ya tambayi uwar ko ana samun zaman lafiya a gida, idan kuma yaron ya cika kwana 30 bai taɓa komai ba, sai a sanar a bainar jama'a, zauren ya ɗauki tafi, a miƙa masa takardar yabo ko wata 'yar kyauta. Yaron da ya saba jin sunansa a bakin manya sai dai idan ya yi laifi, ranar nan yakan koma kujerarsa yana sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Wanda kuma ya karya sharaɗi, a gaban waɗannan mutane za a yanka masa horo: rubuta bayani a kan abin da ya yi, aikin gayya, matso da lokacin komawa gida, ɗaura masa na'urar bibiya a ƙafa, ko kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a gidan tsare yara.

Ba na raina wannan kulawa. A kotun da aka saba, shari'ar yaro takan wuce cikin 'yan mintuna a gaban alƙalin da ba zai tuna fuskarsa ba gobe. A nan kuwa akwai babban mutum mai iko wanda ya san sunan ƙanwarsa, ya san darasin da yake ba shi wahala, yake kuma jiran ganinsa mako mai zuwa. Idan aka kwatanta da tsarewa, tazarar ta fi fitowa fili. Masana tattalin arziki Anna Aizer da Joseph Doyle sun bibiyi bayanan yara kimanin 35,000 da suka gurfana a kotun yara ta Chicago, inda ake rarraba shari'u ga alƙalai ba tare da zaɓi ba, wasu masu saurin ɗauri, wasu masu sassauci. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ɗaure yaro yana rage yiwuwar ya kammala sakandare da maki 13 cikin 100, yana kuma ƙara yiwuwar a ɗaure shi bayan ya girma da fiye da maki 20 cikin 100. Duk hidimar da za ta bar yaro a ɗakinsa da ajinsa, ta riga ta yi masa wani babban alheri.

Sai dai kuma nauyin da take ɗora wa gida ba ƙarami ba ne, kuma ba kasafai ake bayyana shi sosai ranar sa hannu ba. A kotuna da yawa akan ba kowane yaro wani launi, ya riƙa buga waya kowace safiya ya saurari launin da aka kira. Idan nasa ne, dole ya isa wurin gwaji a ranar, ya yi fitsari a gaban jami'i don kada ya musanya. Yaro ɗan shekara 15 ba shi da mota. Uwar da ake biya albashi gwargwadon sa'o'in da ta yi aiki ita ce za ta roƙi shugabanta izini, ta je makaranta ta ɗauko shi, su zauna layi, ta mayar da shi, sannan ta koma bakin aiki ta tarar an zaftare mata rabin yini. Za ta sake yin haka ranar zaman kotu, ta sake ranar zaman magani na iyali. Idan ta kasa, a takarda za a rubuta cewa yaron bai zo gwaji ba, kuma kotuna da dama suna ɗaukar rashin zuwa daidai da faɗuwa a gwajin. Ta haka talaucin iyaye yake rikiɗewa ya zama laifin ɗa, kuma ba abin mamaki ba ne da bincike yake nuna cewa kusan rabin yaran da suka shiga ba sa kaiwa ranar yaye su.

Gwajin fitsarin kansa yana da tasa matsalar. Sinadarin wiwi yakan daɗe a jikin wanda ya saba sha kullum har tsawon makonni bayan ya daina, alhali giya da wasu ƙwayoyi masu haɗari sukan fita cikin kwana kaɗan, wasu sinadaran da ake harhaɗawa kuma gwajin yau da kullum ba ya kama su. Yara suna gane wannan da wuri, suna kuma koya wa juna. Hidimar da aka kafa don raba yaro da wiwi tana iya tura shi ga abin da ya fi wiwi illa, saboda kawai shi ne ba ya fitowa a kwalba. Kotunan da suka san aikinsu suna lura da wannan, suna faɗaɗa gwajin, suna kuma kallon sauyin hali da na karatu maimakon dogaro da sakamakon kwalba kaɗai, amma ba duka ne suke yin haka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sharaɗin shiga. A kotuna da yawa sai yaro ya amsa laifinsa tukuna ake karɓarsa, wato ya ajiye haƙƙinsa na ƙalubalantar yadda aka caje shi da yadda aka samo abin da aka ce an samu a jikinsa. Idan ya kammala, shi ke nan. Idan ya gaza bayan wata takwas, ba shari'a za a koma ba, hukunci za a wuce kai tsaye, kuma alƙalin da zai yanke shi ya riga ya ji duk abin da yaron ya faɗa da bakinsa game da shaye-shayensa a lokacin da ake ce masa ya faɗi gaskiya don a taimake shi. Lauyansa kuma, wanda aikinsa shi ne ya tsaya masa ko da duniya ta juya masa baya, ya zama ɗan tawaga, yana zaune a ɗaki ɗaya da mai gabatar da ƙara ana shawarar horon da ya dace. Tarihin kotunan yara a Amurka ya isa gargaɗi a kan wannan. A shekarun 1960 wani alƙali a jihar Arizona ya tura Gerald Gault, ɗan shekara 15, gidan gyaran hali har sai ya cika shekara 21 saboda zargin kiran waya na batsa, laifin da babba ba zai wuce tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu a kansa ba, kuma an yi hakan ne da sunan gyara, ba tare da lauya ba. A 1967 Kotun Ƙoli ta yanke cewa yaro ma yana da haƙƙin lauya da haƙƙin kame bakinsa. Kyakkyawar niyyar alƙali ba ta maye gurbin waɗannan haƙƙoƙi a wancan lokaci ba, ban kuma ga dalilin da zai sa ta maye gurbinsu yanzu ba.

Da a ce sakamakon yana da armashi, da an ce wahalar ta biya. A nan ne hidimar ta fi rauni. A 2012 Ojmarrh Mitchell da abokan aikinsa sun tattara bincike 154 da aka yi a kan kotunan shaye-shaye, 34 daga ciki na yara. A kotunan manya sun ga cewa idan mutum 50 cikin 100 ne suke sake aikata laifi a tsarin da aka saba, a kotun shaye-shaye adadin yakan sauka zuwa 38. A kotunan yara kuwa bai sauka ƙasa da kimanin 43 ba. A 2016 Emily Tanner-Smith da Mark Lipsey da David Wilson suka sake tace binciken da ya shafi yara zalla, suka kammala da cewa a dunƙule waɗannan kotuna ba su fi kotun yara ta yau da kullum ba, ba su kuma gaza ta ba, wajen rage komawa ga laifi ko ga shan ƙwaya, duk da cewa akwai babbar tazara tsakanin wata kotu da wata. Wani nazari da masana jami'ar Cincinnati suka yi a kan kotuna tara ya fi wannan ɗaci, domin a yawancinsu yaran da suka bi ta kotun shaye-shaye sun fi takwarorinsu da aka bari ƙarƙashin sa ido na yau da kullum sake faɗawa hannun hukuma.

Dalilin bai ɓuya ba ga wanda ya san matasa. Magidancin da ya yi shekara 15 yana fama da jarabar hodar iblis, ya rasa mata da aiki, yakan zo kotu a gajiye yana neman mafita, kuma tsoron gidan yari yana aiki a kansa. Ɗan shekara 16 bai ga asarar komai ba tukuna. Yawancin irinsa wiwi da giya suke sha, a cikin abokai, kuma da yawansu ba su kai matsayin da likita zai kira jaraba ba. Sukan bari da kansu idan shekaru suka ja, aiki ko karatu ya ɗauke musu hankali. Sashen ƙwaƙwalwa mai auna abin da zai biyo baya ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, saboda haka barazanar abin da zai faru nan da wata shida ba ta da nauyi a kansa kamar gayyatar aboki a daren yau. Idan aka ɗauko yaron da sau biyu ya taɓa zuƙa aka zaunar da shi a zaman rukuni kowane mako tare da waɗanda suka yi nisa, an samar masa sababbin abokai ne da sababbin hanyoyin samun kaya. Sannan ga yawan ido. Duk matashin da aka sa wa ido dare da rana tsawon shekara za a kama shi da wani abu, ko makara, ko fashin aji, ko dawowa gida bayan lokaci, abubuwan da a gidan maƙwabta faɗan uwa ne yake kashe su, amma a nan kowannensu karya umarnin kotu ne. Yaron da laifinsa na farko bai kai a tsare shi ko na dare ɗaya ba yana iya kwana a tsare sau uku kafin shekara ta ƙare.

Akwai wani gwaji da nake ganin ya fi kowanne nuna inda amfanin yake. A birnin Charleston na jihar Carolina ta Kudu, Scott Henggeler da tawagarsa sun rarraba matasa 161 masu matsalar shaye-shaye ta hanyar ƙuri'a, wasu zuwa kotun iyali da aka saba, wasu zuwa kotun shaye-shaye, wasu kuma zuwa kotun shaye-shaye haɗe da wani tsarin magani da ake yi a cikin gida, inda mai ba da shawara yake zuwa ya zauna da iyaye, ya koya musu yadda za su san inda ɗansu yake da waɗanda yake tare da su, ya shiga tsakaninsu da makaranta, a wani rukunin ma har da ba yaro lada a duk lokacin da gwajinsa ya fito da tsabta. Rahoton da suka fitar a 2006 ya nuna cewa kotun shaye-shaye ta rage shan ƙwaya fiye da kotun iyali, kuma raguwar ta fi yawa inda aka haɗa da maganin cikin gida. Amma yawan sake kamu da tsarewa bai ragu ba, abin da masu binciken suka danganta da tsananin sa idon da ake yi wa yaran. Abin da na fahimta daga nan shi ne, gyaran yana zuwa ne daga ingancin magani da shigar iyaye, sandar alƙali kuma tana iya cinye ribar da maganin ya kawo.

Dole a yaba wa hukumomin ƙasar da ba su toshe kunne ba. A ƙarshen 2016 ofishin da ke kula da shari'ar yara a ma'aikatar shari'a ta tarayya ya fitar da sababbin ƙa'idoji: a karɓi yaron da ya kai shekara 14, wanda aka tabbatar ta hanyar tantancewa cewa yana da cutar shaye-shaye, wanda kuma akwai matsakaicin haɗari ko babba na ya sake aikata laifi, lada ya kai yawan horo ko ya fi shi, kada a tsare yaro sai an gwada sauran matakai, kuma na ɗan lokaci, idan ya zama haɗari ga kansa ko ga jama'a ko ana tsoron zai gudu. Ƙa'idoji ne masu kyau. Amma shawara ce ba doka ba, kowace gunduma kuma da yadda take tafiyar da tata kotun.

Ga yaron da aka kama karo na farko da ɗan abin da zai sha, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi da araha, wato a kauce wa kotu gaba ɗaya. Anthony Petrosino da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi yara fiye da 7,000, suka wallafa a 2010 cewa shigar da yaro cikin tsarin shari'a a hukumance ba ya rage laifi, hasali ma yakan ƙara shi idan aka kwatanta da sallamarsa da gargaɗi ko tura shi wajen masu ba da shawara. Ƙasar Fotugal ta bi wannan tunani tun 2001, ga manya da matasa: wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana 10 ba, ba kotu ake kai shi ba, gaban wani kwamiti na mutum uku yake zuwa, masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su tantance ko ya kamu, su tura shi magani idan yana buƙata, galibi kuma su jingine maganar idan bai kamu ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma abin da ta nema ke nan, a sashe na 37 da na 40: tsare yaro ya zama mataki na ƙarshe kuma na mafi ƙarancin lokaci, a kuma nemi hanyoyin warware lamarinsa ba tare da shari'a ba duk inda hakan ya dace. Amurka ce kaɗai mambar Majalisar da ba ta tabbatar da wannan yarjejeniya ba.

Wanda zan ba shawarar ya karɓi tayin shi ne iyalin da ɗansu ya kamu da gaske, yana sha kullum, ya bar makaranta ko yana gab da bari, an gwada magani a waje ya ƙi zama, kuma laifin da ke kansa ya kai a tsare shi idan aka bi ta kotun da aka saba. Irin wannan yaro yana buƙatar wani ya riƙe shi da ƙarfi, kuma zaman mako-mako a gaban alƙalin da ya san shi yana iya zama abin da zai tsayar da shi a wurin magani har maganin ya fara aiki. Iyayen da suka gaji, suka rasa yadda za su yi, su ma sukan sami mutanen da za su kira da tsakar dare.

Ko a wannan hali, bai kamata uba ko uwa su sa hannu ba sai sun zauna da lauyan yaron shi kaɗai, ba a gaban tawaga ba. Su tambayi wane irin magani ake bayarwa, ko na iyali ne da ake zuwa har gida ko kuwa zaman rukuni ne kawai da aka kwafo daga na manya. Su tambayi yara nawa ne cikin waɗanda suka shiga bara suka kammala, da sau nawa aka tsare yaro saboda faɗuwa a gwajin fitsari kaɗai, da wanda zai ɗauki nauyin kai shi gwaji ranar da ba su da hali. Su nemi a rubuta musu ko za a goge laifin daga kundi bayan yaye ko kuwa sai sun sake shigar da buƙata. Sannan su sa lauyan ya faɗa musu ƙarara hukuncin da yaron zai fuskanta idan ya ƙi tayin yau aka yi shari'a, da wanda zai fuskanta idan ya karɓa ya gaza a wata na takwas, domin a wasu gundumomi na biyun ya fi na farkon tsanani.